Tarihin Friedrich Froebel, Ɗan Fasto Da Ya Kafa Lambun Yara

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani Bajamushe wanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa kowace safiya muna kai 'ya'yanmu inuwar itacen da ya dasa. Duk inda ka ga an tara yara 'yan shekara uku zuwa shida a aji guda, ko a ce da wurin naziri yadda muke faɗi a Nijeriya, ko KG yadda mutanen Gana ke faɗi, to, akwai hannun wannan bawan Allah a ciki. Sunansa Friedrich Froebel, a bakinmu sai mu ce Furobel. Abin da ya kwashe ransa yana faɗa wa duniya shi ne, wasa shi ne aikin ƙaramin yaro, kuma hannun yaro yana riga kunnensa ɗaukar karatu. A kan wannan magana aka yi masa dariya, aka kira shi wawa, daga baya gwamnati ta rufe masa makarantu.

Haihuwarsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Furobel ran 21 ga watan Afrilu, 1782, a wani ƙauye mai suna Oberweissbach, cikin dazuzzukan yankin Thuringia a ƙasar Jamus. Mahaifinsa faston ikkilisiyar Lutheran ne, mutum mai tsanani, ga ƙauyuka da dama a ƙarƙashin kulawarsa, saboda haka ba shi da lokacin zama da yara. Furobel yana da wata tara a duniya mahaifiyarsa ta rasu. Da uban ya sake aure, matar ta ja yaron a jiki da fari, amma tana samun nata ɗan sai ta juya masa baya, har ta koma yi masa magana irin wadda ake yi wa baƙo.

Yaron ya tashi a takure cikin gidan fasto, ba abokin wasa, ba mai sauraronsa. Abokansa su ne itatuwa da furanni na bayan gida. Karatu ya yi masa wuya da fari, har uban ya ɗauka ba shi da ƙwaƙwalwa kamar yayyensa. Yana shekara goma, a 1792, kawunsa wanda shi ma fasto ne a garin Stadtilm ya ga halin da yaron ke ciki, ya roƙa a ba shi shi. A gidan kawun nan ne ya fara sanin daɗin gudu da tsalle cikin tsararrakinsa. Wannan bambanci tsakanin gidaje biyu, dukansu kuwa gidajen fastoci, bai taɓa fita daga zuciyarsa ba.

Neman Abin Yi

Yana shekara 15 aka kai shi koyon aiki wurin wani malamin daji. Shekara biyu ya yi yana yawo cikin kurmi, yana tara ganyaye, yana koya wa kansa lissafi da sanin tsirrai. A 1799 ya shiga jami'ar Jena, amma kuɗi suka yanke masa, bashi ya hau kansa, har aka tsare shi mako tara a kurkukun jami'a. Ya bar karatu a 1801, mahaifinsa kuma ya rasu a shekarar da ta biyo. Daga nan sai ya shiga ɗanɗana sana'o'i, yau akawu, gobe safiyo mai awon ƙasa, jibi sakataren wani mai gona.

A 1805 ya tafi Frankfurt da nufin koyon zanen gine-gine. Can ya haɗu da wani shugaban makaranta mai suna Anton Gruner, wanda ya lallashe shi ya gwada koyarwa. Ranar da ya fara tsayawa gaban aji ya gane cewa ya sami abin da aka halicce shi dominsa. Gruner ya tura shi ƙasar Suwizalan ya ga aikin shahararren malamin nan Pestalozzi a garin Yverdon, daga baya kuma ya koma can ya zauna daga 1808 zuwa 1810 tare da wasu yara uku da yake koya wa karatu. Wurin Pestalozzi ya koyi cewa a nuna wa yaro abu ya gani ya taɓa kafin a gaya masa sunansa.

Bayan ya ƙara karatu a Göttingen da Berlin, yaƙin korar Napoleon ya taso, ya shiga soja a 1813. A fagen daga ya sami abokai biyu, Middendorff da Langethal, dukansu ɗaliban tauhidi, waɗanda suka zama abokan aikinsa daga baya. Da aka gama yaƙi ya sami aiki a ɗakin ajiyar duwatsu da ma'adinai na jami'ar Berlin, ƙarƙashin Farfesa Weiss. Shekara biyu yana jera duwatsu masu ƙyalli yana auna fuskokinsu da kusurwoyinsu. Wanda ya taɓa duba ƙwayar gishiri da kyau ya ga yadda take da fuska shida daidai wa daida, zai gane abin da ya kama hankalinsa. Ya ga cewa ko dutse yana girma ne daga ciki bisa ga ƙa'idar da Mahalicci ya sa masa, haka tsiro, haka kuma ɗan Adam. Wannan tunani shi ne tushen dukan abin da ya yi daga baya.

Makarantar Keilhau

Yayansa Christoph, wanda ya fi kowa ƙaunarsa, ya rasu a 1813 ya bar 'ya'ya maza uku. Saboda marayun nan Furobel ya ajiye aikinsa mai albashi a 1816, ya buɗe makaranta a Griesheim da yara biyar, dukansu 'ya'yan 'yan'uwansa. Shekara ɗaya bayan haka ya mai da ita ƙauyen Keilhau. Yaran suna noma, suna sassaƙa, suna hawa duwatsu, suna zana taswirar ƙauyensu da kansu. A 1818 ya auri Wilhelmine Hoffmeister, a 1826 kuma ya buga babban littafinsa a kan tarbiyyar ɗan Adam. A lokacin ɗalibai sun kai kusan sittin.

Amma hukuma ta sa wa makarantar ido, ana zargin wai sheƙar 'yan tawaye ce. An aiko mai bincike, ya duba bai sami laifi ba, duk da haka iyaye suka tsorata suka yi ta janye 'ya'yansu, har waɗanda suka rage ba su kai goma ba. Ga bashi, shi kuwa Furobel ba gwanin riƙon kuɗi ba ne, kuma mutum ne mai wuyar karɓar shawara. Ya bar makarantar a hannun abokansa ya tafi Suwizalan a 1831, inda daga baya ya shugabanci gidan marayu a Burgdorf. A can ya lura da abin da ya sauya masa hanya. Yaran da ake kawowa makaranta suna shekara shida ko bakwai, da yawansu an riga an kashe musu sha'awar sanin abu tun daga gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai ya ƙudura cewa sauran kwanakinsa na ƙananan yara ne.

Lambun Yara

Kafin Furobel akwai wuraren da ake ajiye 'ya'yan talakawa yayin da iyaye suka tafi aiki, amma yawancinsu wurin tsaro ne kawai, ko kuwa a jera yaran a benci ana sa su haddace abin da ba su gane ba. A 1837 ya zauna a garin Blankenburg ya fara ƙera kayan wasa, ya kuma tara yaran gari yana gwada su da su. Ya daɗe yana neman sunan da ya dace da wurin, domin ba ya so a ce da shi makaranta. Ran 28 ga watan Yuni, 1840, ya yi bikin kafa shi da suna Kindergarten, wato lambun yara da Jamusanci. Ma'anarsa a fili take. Yara su ne shuke-shuke, malama ita ce mai lambu. Mai lambu ba ya jan tsiro da hannu don ya yi tsawo, nasa shi ne ya ba da ruwa da taki, ya cire ciyawa, ya kare shukar daga awaki.

Kayan wasan da ya tsara ya kira su kyaututtuka, kuma bi da bi ake ba yaro su. Ta fari ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu, kowanne da launinsa, an ɗaura musu igiya. Da su jariri ke gane sama da ƙasa, kusa da nesa, da cewa abin da ya ɓuya bai ɓata ba. Ta biyu katakai uku ne: ƙwallo, da mai siffar ƙwayar sukari, da mai siffar gwangwanin madara. Yaro ya tura ƙwallo ya ga ya mirgina, ya tura mai kusurwa ya ga ya tsaya cik, ya tura na ukun ya ga a kwance yana mirginawa, a tsaye kuwa yana zama daram. Ta uku ita ce ƙwayar katako da aka yanka gida takwas. Ɗan shekara uku zai raba ta biyu, ya raba huɗu, ya gina kujera, ya rushe ya gina rijiya, ya mai da ita yadda take a akwati. Ya riga ya san rabi da kwata da yatsunsa shekaru kafin malamin lissafi ya rubuta su a allo. Kyaututtukan da suka biyo baya suna ƙara yawan yanka.

Ban da waɗannan akwai ayyukan hannu: naɗe takarda, saƙa da tsagaggiyar takarda, ɗinki, gini da yumɓu, da haɗa tsinke da waken da aka jiƙa a fitar da siffofi. Akwai waƙoƙi da ake yi da motsa yatsu, da wasannin da'ira inda yara ke kwaikwayon manomi ko tsuntsu. A 1844 ya buga littafin waƙoƙi da wasanni domin iyaye mata. Sa'an nan akwai lambu na gaske. Kowane yaro yana da ɗan fegi nasa da zai shuka abin da ya ga dama, ga kuma fegi na kowa da kowa da ake nomawa tare. Yaron da ya tone iri don ya ga ko ya tsiro, shi da kansa zai ga abin da gaggawa ke jawowa. Ta haka ilmin kimiyya ke shiga, ta ido da hannu da tambaya.

Wani abin da ya jawo masa ba'a shi ne cewa da ya yi mata ne suka fi dacewa da wannan aiki, kuma dole a horar da su sosai kamar yadda ake horar da malaman manyan azuzuwa. A wancan zamani koyarwa aikin maza ne. A 1849 ya koma Liebenstein, inda mutanen gari ke kiransa tsohon wawa saboda suna ganin dattijo mai furfura yana rawa da 'ya'yan ƙauye. Wata mai sarauta, Bertha von Marenholtz-Bülow, ta zo hutu garin, ta ji labarin wawan, ta je ta gani da idonta. Daga ranar ta zama babbar mai yaɗa aikinsa a ƙasashen Turai. A 1850 aka ba shi wani gida a Marienthal ya buɗe makarantar horar da malamai mata.

Dokar Hani Da Rasuwarsa

A watan Agusta na 1851 gwamnatin Furusiya, wadda take cikin mafiya ƙarfi a ƙasashen Jamus a lokacin, ta kafa doka ta haramta lambun yara a duk faɗin ƙasarta. Hujjar minista von Raumer ita ce wai wuraren suna shuka gurguzu da rashin yarda da Allah a zukatan yara. An haɗa Furobel da ɗan ɗan'uwansa Karl, wanda ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan ilmin mata. Tsohon ya rubuta ya bayyana cewa shi dabam, Karl dabam, ya aika da littattafansa a duba, amma aka ƙi janye dokar. Gwamnatin da ta sha tarzomar 1848 ba ta son duk wani wuri da ake koya wa yaro yin tambaya.

Ga mutumin da ya tashi a gidan fasto, wanda ya gina dukan koyarwarsa a kan cewa kome daga Allah yake kuma a cikinsa yake haɗuwa, babu zargin da ya fi wannan ciwo. Bai cika shekara ɗaya bayan dokar ba, ya rasu a Marienthal ran 21 ga watan Yuni, 1852, yana da shekara 70. Matarsa ta fari ta riga shi tun 1839, ta biyun, Luise Levin, ita ta ci gaba da aikin. Bai bar ɗa na cikinsa ba. A kan kabarinsa a Schweina an ɗora duwatsu uku masu siffar kyautarsa ta biyu, ƙwallon yana bisa.

An janye dokar a 1860, amma kafin nan matan da suka koyi aikin sun bazu da shi. Bertha Ronge ta buɗe lambun yara a Landan a 1851. Ƙanwarta Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a garin Watertown, da harshen Jamusanci. Elizabeth Peabody ta buɗe na Turanci a Boston a 1860, a 1873 kuma birnin St. Louis ya sa shi cikin makarantun gwamnati. Shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya shaida cewa katakan Furobel da uwarsa ta saya masa yana yaro su ne suka buɗe masa ido.

Yadda Yahudawa Suka Ɗauki Aikin

Cikin waɗanda suka rungumi wannan hanya tun Furobel yana da rai akwai matan Yahudawa. Johanna Goldschmidt tana cikin matan birnin Hamburg da suka gayyace shi ya yi musu lacca a ƙarshen 1849, suka kuma buɗe lambun yara a birnin. A Leipzig, Henriette Goldschmidt, matar wani malamin majami'ar Yahudawa, ta kafa ƙungiya a 1871 wadda ta buɗe lambunan yara da wurin horar da malamai. A 1898 Esther Shapira ta buɗe lambun yara na farko da harshen Ibrananci a Rishon LeZion. Har yau a Ibrananci sunan wurin gan yeladim, lambun yara ke nan, malamar kuwa ganenet, wato mai lambu.

Ba abin mamaki ba ne da hanyar ta karɓe su, gama idodinsu tun asali an shirya su ne yadda yaro zai ga abu ya yi tambaya. Mai karanta Fitowa sura 12 da Joshuwa sura 4 zai ga an umarci iyaye su shirya amsa domin ranar da 'ya'yansu za su tambayi ma'anar hidimar ko ma'anar tarin duwatsun. A lambunan yara na Yahudawa, shekarar karatu tana bin idodi ne. Lokacin Idin Bukkoki yara kan taya kafa bukka, a rufa ta da rassan itace, su yi mata ado da takarda da 'ya'yan itatuwa, su ci abinci a ciki don tunawa da zaman jeji. Gabannin Idin Ƙetarewa sukan kwaɓa gari kashi biyu, ɗaya da yisti ɗaya babu, su zuba ido su ga wanne zai kumbura. Gurasar idin kuwa dole a gasa ta cikin minti 18 daga lokacin da ruwa ya taɓa garin. A daren idin, ƙaramin yaro na gida shi ke yin tambayoyi huɗu, a ɗanɗana ganye mai ɗaci da ruwan gishiri, a ɓoye gutsuren gurasa yara su nema.

A idin Hanuka, na tunawa da sake keɓe Haikali wajen shekara 164 kafin haihuwar Almasihu, wanda aka ambata a Yahaya sura 10, ana ƙara fitila ɗaya kowane dare har kwana takwas, yaro yana ƙirga su. Sukan matse zaitun su ga mai ya fito, su zuba shi a ruwa su ga ya taso sama, su kuma juya wani abin wasa mai fuska huɗu kamar yadda yaranmu ke juya katantanwa. A idin Furim sukan sa tufafin Esta da Mordekai, su kaɗa caki duk lokacin da aka ambaci sunan Haman. Akwai kuma ranar sabuwar shekarar itatuwa da ake dashe. Kowace Jumma'a yara kan murza ƙullu su yi burodi mai kitso domin Asabar. Yaron da ya yi shekara uku a irin wannan wuri, tarihin kakanninsa ya shiga masa ta hanci da harshe da tafin hannu tun bai iya karanta ko harafi ɗaya ba.

Abin Da Ya Rage Mana

To, 'yan'uwa, sunan lambun yara ya iso gare mu, amma sai mu tambayi kanmu ko lambun ya iso. Sau da yawa mukan ga ɗan shekara uku da jakar littattafai ta fi shi nauyi, a zaunar da shi awa biyar yana maimaita abin da ke allo, ya dawo gida da aikin gida, in ya kasa a sa masa bulala. Mu iyaye ma da namu laifin, gama mukan auna kyan makaranta da yawan Turancin da yaro ya haddace, in muka ga ƙasa a rigarsa mu ce an ci kuɗinmu a banza. Irin wannan aji shi ne ainihin abin da Furobel ya yi yaƙi da shi.

Kayan aikinsa ba su fi ƙarfinmu ba. Kafinta na unguwa zai iya yanka ƙwayoyin katako takwas daga ragowar aikinsa. Yumɓu yana bakin rafi, karan dawa yana gona, yaranmu kuwa tun dā gwanaye ne wajen ƙera motar kara da gina shanun laka. Gwangwani da ƙasa da ƙwayar wake uku sun isa yaro ya ga yadda saiwa ke nutsewa ganye ke tasowa. Malaman makarantar Lahadi masu riƙe da ajin ƙanana su ma sai su duba. Yaron da ya saƙa ɗan kwando da ciyawa ya ɗora shi a kan ruwa cikin kwano ba zai manta da labarin jariri Musa ba.

Idan ɗanka ya dawo yana tambayar abin da ya sa mai ke tasowa bisa ruwa, ko ina rana ke kwana, kada ka kore shi. Ka zauna ku gwada tare, abin da ba ka sani ba ku je ku tambaya. Allah ya ba mu haƙuri da hikimar renon waɗanda ya danƙa a hannunmu.